Masu cewa a harbe mai tarko, Ingila ta riga ku

Ran Talata bayan la'asar muna zaune fada nan Tahoua ana jiran shayi na biyu, wani ƙanena ya miƙo min waya ya ce yaya dubi wanga. Bidiyo ne na minti ɗaya da 'yan kai, ina jin da yawanku kun ci karo da shi don ya zaga gurup-gurup na WhatsApp. Wani bawan Allah ne da bai wuce arba'in ba, riga ta mutu a kafaɗa, silifa ɗaya an ɗaure ta da waya, an sa mishi igiya a ƙugu an zaunar da shi cikin rana, gabanshi an jera zabi uku, zomo biyu, da 'yar barewa mai rai wadda ko yaye ba ta kai ba an ɗaure mata ƙafafu. Mai ɗaukar hoton na ta ce mishi ɗaga zomon, ɗaga sama a gani, shi ko ya ɗaga, idonshi na ƙasa.

Ban ce bai yi laifi ba. Doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilun 1998 tana nan daram, farauta sai da parmi kuma sai lokacinta, akwai ma dabbobin da ko kana da parmi ba ka taɓa su. Abin da ya hana ni jin daɗin shayi na uku shi ne maganganun da sunka biyo bayan bidiyon, yawanci da Faransanci, yawanci kuma daga mutanen da in ka sake su cikin daji ba su bambance sawun zomo da na kurege. Wani ya ce kaso shekara ashirin, wani ya ce ɓata lokaci ne a harbe su nan take a huta, sai ga wani mai ilimi, irin masu zuwa atiliye otal-otal na Yamai, ya rubuta dogon bayani wai Turawa ba su tsare dazuzzukansu ba sai da tsananin hukunci, mu ne muka cika tausayin banza. To wagga maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke da daɗin saurare ta fi kowace haɗari.

Turawan sun gwada tsananin, sun gwada shi fiye da yadda mai shi ke mafarki. Wiliyam da ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ya keɓe manyan dazuzzuka ya ce duk barewar da ke ciki tashi ce, wanda ya kashe ɗaya a ƙwaƙule mishi idanu, har marubutan zamanin sunka ce yana son barewa kamar shi ya haife su. Talakan da ke zaune kusa da dajin sarki ko karenshi bai tsira ba, sai an datse mishi farce uku a ƙafar gaba don kar ya iya bin nama. Sai a 1217 anka rubuta wata yarjejeniyar daji wadda ta ce ba a ƙara kashe mutum ko a yanke mishi gaɓa don barewa. Kar ka ce an huta. A 1671 majalisa ta fito da doka cewa ba mai farautar zomo ko makwarwa sai wanda ƙasarshi ke kawo mishi fam 100 a shekara, wato 'yan tsirarun masu gidan gona ke nan, sauran jama'a ko raga ko bindiga ko karen farauta anka gani a ɗakinka laifi ne. Ka lura da kyau, manomi na tsaye cikin gonar da yake haya, zomo na cin shukarshi gaban idonshi, in ya jefe shi ya zama mai laifi. Tara fam 5 ko wata uku a kaso, alhali fam 5 ta fi ladan ɗan ƙodago na wata biyu, kuma alƙalin da zai yanke hukuncin sau da yawa shi ma mai gidan gona ne mai son farauta, wani lokaci a cikin falonshi ake yin shari'ar.

Sai shekarar 1723, zamanin Walpole na riƙe da gwamnati, wasu mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin Windsor da na Waltham sunka yi ta shafa baƙi a fuska suna shiga da dare suna kashe barewa, majalisa ta fusata ta yi dokar da har yau ake kira Baƙar Doka. Laifi sama da 50 anka mayar na kisa a zama ɗaya. A gan ka cikin daji da makami ka shafa baƙi ko ka ɓad da kama, rataya, ko ba ka kashe komi ba. Ka fasa tafkin kifin mai gida, rataya. Ka sare itacen lambunshi, rataya. Kafin shekarar ta ƙare an rataye wasu a Landan jama'a na kallo, daidai abin da abokanmu na WhatsApp ke roƙo ke nan. Dokar nan ta yi shekara 100 cur tana aiki kafin a warware mafi yawanta a 1823, kuma a cikin shekara ɗarin nan farautar sata ba ta tsaya ba ko na damina ɗaya. Da rataya ta gaza sai anka koma jirgin ruwa, a 1816 anka ce wanda anka kama da dare da kayan farauta a kai shi Ostireliya shekara 7, dokar 1828 ta ce in mutum uku ne da makami har shekara 14. Masu gidan gona kuma sunka riƙa binne tarkon ƙarfe mai karya ƙafar mutum, da bindigar da ke tashi da kanta in ka taka igiya, sai da abin ya yi ta cin yara da matafiya har da masu gadin kansu kana anka hana a 1827. Duk da haka tsakanin 1827 da 1830 kusan ɗaya cikin kowane hukunci bakwai da anka yanke a ƙasar na farauta ne. Wannan shi ne nasarar da ake so mu kwaikwaya.

Dalilin gazawar ba ɓoyayye ba ne, daidai waɗannan shekarun ne ake ta shinge makiyayar gari da dajin kowa-da-kowa ana mayar da su gonar mutum ɗaya, talaka ya rasa inda zai ɗaure saniya, ya rasa inda zai yi itace, bayan yaƙin Napoliyon ya ƙare a 1815 lada ta faɗi burodi ya yi tsada, to mutumen da ɗiyanshi sunka kwana biyu ba su ga tukunya bisa wuta ba, zomo na wucewa bakin ƙofarshi, wace igiya za ka nuna mishi ya ji tsoro? Ga kuma ɓangaren da ya fi kama da namu. Tun 1755 an hana saida naman daji a Ingila, amma kasuwar Landan cike take da shi, direbobin keken doki ke kawo shi ɓoye, masu saye kuwa attajirai ne da manyan 'yan boko, har da waɗanda ke zama majalisa su ƙara tsananta dokar da safe su ci makwarwar sata da dare. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba su samu sauƙi ba sai da sunka sauko, a 1831 anka soke sharaɗin fam ɗari anka halatta ciniki da lasisi, a 1880 anka yarje wa manomi mai haya ya kashe zomon da ke ɓata mishi gona.

Faransa ma da muka gaji dokokinta hakanan ta yi. Babbar dokar ruwa da dazuzzuka ta Kolbar ta 1669, zamanin Luwi na 14, ita ce kakar sunan da ma'aikatan gandun dajinmu ke ɗauke da shi har yau. Farauta ta 'yan sarauta ce, baƙauye sai dai ya zura ido zomaye da tantabarun mai gida su cinye mishi alkama, wanda ya maimaita laifi ana iya kai shi tuƙin jirgin sarki da mari a ƙafa. Abin ya ci ran manoma har ya shiga cikin koke-koken da sunka rubuta a 1789, kuma daren 4 ga Agusta na shekarar da anka rushe gatan 'yan sarauta, gatan farauta na cikin na farko da sunka faɗi, majalisa har ta roƙi sarki a maido waɗanda anka kora ko anka ɗaure a jirgi don farauta kawai. Su da kansu sunka tofar da abin. Amma da sunka zo nan sai sunka kwaso shi cikin akwati, dokar daji ta 4 ga Yulin 1935 ta Afirka ta Yamma ta mayar da daji na gwamnati, yankin dajin da ake kira W, can kudu da Yamai, anka tashi mutanen da ke ciki kafin ya zama babban gandu a 1954, kumandan da baƙinshi su yi harbi da parmi su ɗauki hoto ƙafa bisa gawar ɓauna, maharbin da kakanninshi ke bin dajin ya wayi gari sunanshi ɓarawo.

Kuma kar wani ya ce min kafin Nasara daji ba shi da doka. Nan jaharmu ta Tahoua, a Masalata kusa da Konni, har yau ana buɗin daji, ma'anar sunan kaɗai ta ishe ka, abin da ake buɗewa ai da rufe yake. Akwai sarkin baka, akwai lokacin da ba a shiga, maharbi na gaskiya ba ya harbin mai ciki ko mai goyo, wanda ya yi hakan 'yan uwanshi ne za su fara kunyata shi. Ban ce komi na da zinari ne ba, farautar gayya da sa wa daji wuta sun yi ɓarna tasu. Sai dai da kibiya da tarko da bindigar toka anka yi ɗaruruwan shekaru Azawak na cike da barewa da jimina, tsofaffinmu da sunka yi fatauci ta Abalak da Cintabaraden sun faɗa mana garke sukan tare musu hanya.

To wa ya cinye su? Fari na 1973 da na 1984 sun yi nasu, gona ta ci daji, wannan duk gaskiya ne. Amma abin da ya share jimina da barewar hamada cikin shekaru ƙalilan mota kat-kat ce da bindiga mai sarrafa kanta da fitila mai kashe ido, a bi garke da gudu har zuciyarsu ta fashe. Mai silifa ɗaya ba shi da kat-kat. Kowa a ƙasar nan ya san ayarin manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa da ke zuwa da shahonsu da tantinsu da motocin sanyi suna farautar tuje da barewa makonni, da takardar izini a aljihu da rakiya gaba da baya, ban taɓa ganin an sa wa ɗayansu igiya a ƙugu an ce ɗaga tujen sama a gani ba. Dubi adaks, farar dabbar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho wadda Termit da Tin Tumma ne mafakarta ta ƙarshe a duniya. A 2010 an ƙiyasta saura wajen 200, a 2012 anka yi gandun da ya kusa murabba'in kilomita 97,000 don tsare ta, a watan Maris na 2016 masu bincike sunka zaga sama da ƙasa sunka ga uku. Uku rak. Ƙungiyar kare halittu ta duniya da ta ba da sanarwar ba ta ambaci ɗan tarko ba, aikin haƙar man fetur na yankin ta nuna da masu rakiyarshi da makamai. W kuwa yanzu masu bindiga ne ke iko da sashe mai yawa, ma'aikacin gandun daji da ɗan alawus ɗinshi da tsohon babur ba ya iya leƙawa, ni ban ga laifinshi ba, amma haushin da ba a iya saukewa can sai a zo a sauke shi kan mai zomo biyu, an bar jaki ana dukan taiki.

Masu cewa in an yi sassauci kowa zai faɗa daji da tarko ba su taɓa kwana sanyin Janairu cikin ƙaya suna jiran zomo ɗaya ba. Masu cewa talauci ba hujja ba ne kuma, na ji, su fara faɗa wa wanda ya yi odar 'yar barewar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba mu da bukatar zuwa Landan neman darasi, namu na nan cikin gonakinmu. Ina yaro in muna sassabe, duk ɗan tsiron gawo da babana ya gani sai ya sa hauya ya tumɓuke shi, ya san sarai gawo taki ne, ya san 'ya'yanshi abincin bisashe ne da rani, amma yakan ce bar shi ya girma ka ga ya zama na gwamnati, ka sari reshe ɗaya akuyarka ta tafi a tara. Dokar da anka yi don tsare itace ita ta sa manomi ya zama maƙiyin itace, shekara da shekaru gonaki sunka zama fili fetal iska na kwashe ƙasa. Daga wajen 1983 a jahar Maradi anka fara sassaben zamani, a bar kututture ya tofo a gyara mishi rassa, kuma a hankali manomi ya gane itacen da ya raina a gonarshi nashi ne zai amfana da shi. Yau ana maganar hekta har miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, ba tare da an rataye kowa ba, ba tare da an ƙara kaso ko ɗaya ba. Raƙuman dawa na Kure ma haka, a 1996 saura 49 a duk Afirka ta Yamma, suna cin wake a gonakin mutane suna kiwo cikin shanu ba shinge, da anka jawo ƙauyukan ciki, 'yan rakiya daga cikinsu, rijiya da ɗan bashin sana'a na fitowa daga kuɗin masu zuwa kallo, sai ga su sun haura 600, har a 2018 anka ɗebi takwas anka kai gandun Gadabeji. Harin da 'yan bindiga sunka kai Kure a watan Agustan 2020 ya kashe zuwan baƙi, wannan wata musiba ce daban, amma raƙuman ba tsoron kaso ya rayar da su ba.

Masu son kawo addini cikin maganar, don na ga wani ya rubuta a yanke hannu, su koma Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaure. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali, gandu ke nan da sunanshi, amma me ya ce wa mai gadin? Ya ce ka bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ka tare garken Ibn Auf da na Ibn Affan, don su in dabbobinsu sun mutu suna da dabino da gona, shi ko talakan zai kwaso ɗiyanshi ya zo ƙofata. Manyan sahabbai biyu, attajirai, su anka fara tarewa. Shi ne kuma a shekarar yunwa ya dakatar da haddin sata. Mu namu gandun a juye yake, ƙofa buɗe ga mai garke, sanda ga mai akuya ɗaya.

Ni abin da nake gani ba wani dogon tsari ba ne. A raba mai zomon miya da mai kat-kat a cikin hukunci, a bi mai saye kamar yadda ake bin mai tarko, a daina ba baƙi izinin share daji ko nawa sunka ajiye, a maido maharban gargajiya cikin aikin tsaro a biya su, don ba wanda ya san sawu kamarsu kuma da yawansu yau suna Abijan ko Libiya wajen bida. Yadda za a tsara shi aikin masu albashin tsarawa ne.

Na sake kallon bidiyon jiya da dare. Zomo da zabi na gane, tukunya ce ko kasuwar ƙauye. Amma barewa mai rai ba ta miya ba ce, ba wanda ke wahalar kama ta da rai ya ɗaure ta da tsumma don kar igiya ta ji mata ciwo sai in akwai mai jira. Wanda ya taɓa shiga wasu manyan gidaje na Yamai ya san inda suke ƙarewa, bayan gareji, cikin ɗan keji, mai gadi na yanka musu salati da karas yara na ɗaukar hoto. A cikin minti ɗaya da 'yan kai ɗin nan an tambayi mutumen sunanshi, an tambayi garinsu, an tambaye shi ko ya san doka, har sau biyu. Ba wanda ya ce mishi wa ya aike ka.